Yadda ake lablabi irin na Tunis, da karantika, da makarud ɗin dabino

Assalamu alaikum uwargida da amarya, harda mazan da ke shiga kicin ban ware ku ba. Yau abincin bakin titi na ƙasashen Magrib, wato su Tunisiya da Aljeriya da Maroko, za mu yi, kala uku, amma gaskiya zan fi daɗewa a kan lablabi don shi ne ya kama min zuciya tun ranar da na fara cin sa a Tunis, wata safiya cikin watan Janairu sanyi na ratsa ƙashi, a wani ɗan shago wajen Bab Suwaiƙa inda leburori da direbobin tasi suka cika benci kowa da kwanon ƙasa a gabansa yana gutsuttsura busasshen burodi da hannu. Abincin talaka ne, wake ne da ruwansa da burodin jiya, amma in kika ci kwano ɗaya da safe to sai la'asar za ki sake tuna abinci.

Mu fara da waken tukunna, don nasan nan ne tambaya za ta fara. Larabawa suna ce masa hummus, 'yan uwanmu na Sudan suna ce masa kabkabe kuma da azumi ba a raba su da shi, a shagon Indiyawa kuma chana za ki ce. Kamanninsa kamar ƙananan gujiya ne, launin ƙasa-ƙasa mai haske da ɗan tsini a kai kamar bakin tsako. A manyan shagunan Kano da Kaduna da Abuja da Yamai ana samun sa a leda, busasshe. Akwai na gwangwani dafaffe, zai yi in kina sauri, amma ni bana ba da shawarar sa a lablabi saboda rabin daɗin abincin nan a ruwan dahuwar yake, shi kuwa ruwan gwangwani ba abin da za ki yi da shi sai zubarwa.

Harisa tukunna

Ba a lablabi babu harisa, karantika ma da ita ake ci, don haka ki yi ta tun jiya ki ajiye. Harisa dakakken jan barkono ne mai laushi, sunan ma daga kalmar Larabci ta daka ya fito. Mutanen Tunisiya suna ji da ita sosai, musamman ta yankin Nabul, har UNESCO ta saka ta a jerin al'adun duniya da ake karewa a watan Disamba 2022.

Ki samu busasshen tattasai giram 100, ki ƙara busasshen barkono kamar guda 5 zuwa 8 gwargwadon yadda gidanku ke son yaji. Ki cire hancin ki farka ki kakkaɓe 'ya'yan, wannan aikin kar ki tsallake shi don 'ya'yan ne ke sa ta ɗaci da tsaki-tsaki. Ki zuba ruwan zafi ki rufe minti 30, ki tsame ki matse ruwan sosai. Sai ki zuba a turmi da tafarnuwa sala 6, gishiri ƙaramin cokali 1, garin karawiya (caraway a Turance) ƙaramin cokali 1, garin 'ya'yan kusbara (coriander) ƙaramin cokali 1, ki yi ta daka har ya zama kamar kwaɓin tumatirin gwangwani. Blanda ma tana yi amma kar ki ƙara ruwa don ta juya, man zaitun za ki ƙara, babban cokali 3 ko 4. In baki samu karawiya ba ki sa kamun, wato cumin, ɗanɗanon zai ɗan canza amma zai tafi. Ki juye a kwalba mai tsabta ki zuba mai a sama ya rufe fuskarta, ki sa a firji, duk sanda kika ɗiba ki sake rufe ta da mai. In wutar lantarki bata tsayawa a unguwarku ki yi kaɗan wanda zai ƙare cikin kwana biyu uku, tafarnuwa cikin mai a ɗaki mai zafi bata da tabbas.

Lablabi

Da daddare ki auna busasshen hummus giram 500, kusan gwangwanin madara 3 kenan, zai ishi mutum 5 ko 6. Ki tsince shi don wani lokacin akwai ƙananan duwatsu, ki wanke, ki zuba a roba babba ki sa ruwa ya ninka shi sau uku don zai kumbura ya kusa ninka girmansa. Ki barbaɗa rabin ƙaramin cokali na bekin soda (baking soda) ki bar shi ya kwana, awa 10 zuwa 12. Aikin da kanwa ke mana a wake shi soda ke musu, in kanwar ce a hannunki ki jiƙa 'yar ƙarama ki tace ruwan ki zuba kaɗan, amma ki sani in ta yi yawa za ta duhunta waken kuma za ki ji ta a baki. Lokacin zafi irin na Maris da Afrilu kar ki bar shi ya wuce awa 10 a waje, zai fara tsami.

Da safe ki zubar da ruwan jiƙon ki ɗauraye sau biyu. Ki zuba a tukunya da ruwa lita 3, ki ɗora a wuta mai ƙarfi. Da ya fara tafasa za ki ga farin kumfa ya taso, ki kwashe shi da ludayi ki zubar, ki yi ta kwashewa har ya daina, wannan ne zai sa romon ya fito garau. Sannan ki jefa tafarnuwa sala 6 da kika ɗan daddaka, babban cokali 2 na man zaitun, ki rage wuta ki rufe amma ki bar 'yar kafa. Daga nan haƙuri ne kawai, awa ɗaya da rabi zuwa awa biyu, in waken ya daɗe a shago zai iya kai awa biyu da rabi. Mai tukunyar matsi minti 35 zuwa 40 ya ishe ta. In ruwa ya ja ki ƙara, amma ruwan zafi, kar ki zuba na sanyi a kan wake yana dahuwa.

Ya za ki gane ya nuna? Ki ɗauki ƙwaya ɗaya ki matse tsakanin yatsu biyu, in ta murje lumus kamar dafaffen dankali babu wani gari-gari a tsakiya to ya yi. In kin ji ko ɗan tauri ne ki ƙara masa lokaci. A nan ne mafi yawan masu gwadawa ke kuskure, suna sauke shi da wuri kamar waken da za a sa a salak, shi kuwa na lablabi so ake ya kai gaɓar da ya kusa fashewa amma bai fashe ba. Da ya kai nan ki sa gishiri, ki sa garin kamun babban cokali 1, kamun ɗin nan shi ne wanda ake rubuta cumin a jikin robarsa, in kin samu 'ya'yansa ki ɗan soya su a busasshen kasko ki daka da kanki wallahi ƙamshin ba ɗaya ba ne. Ki sa harisa ƙaramin cokali 1 a tukunyar, ki bar shi minti 15 a ƙaramar wuta. Romon ya zama tsararo, ruwan ya haura waken da kamar gaɓar yatsa biyu, don burodi zai sha da yawa.

Yanzu maganar burodi. A Tunis doguwar bagat ce wadda ta kwana ta bushe, 'yan Nijar ku kam kun huta don kuna da ita a kowane lungu. Mu na Najeriya burodinmu akwai suga da laushi, in kika zuba masa romo narkewa zai yi ya zama kamar kunu kuma zaƙin zai ɓata abin. Abin da na gwada ya yi min daidai shi ne gurasa wadda ta kwana ɗaya ko biyu, in bata bushe ba ki yayyanka ki ɗan gasa ta. Duk wanda ya san bandashe a Kano ya riga ya san rabin lablabi, gurasa ce ake jiƙawa a zuba mata kayan ɗanɗano a sama, bambancin su romon wake suke zubawa mu kuma ƙuli.

Haɗawar kowa a kwanonsa ake yi, kuma a shagunan can mai ci ne ke gutsura burodinsa da kansa ya miƙa wa mai shago kwanon. Ki gutsura ƙanana kamar girman goro ko ƙasa da haka, ki cika rabin kwano mai zurfi. Ki zuba romo mai zafi ludayi 2 ki jira kamar minti ɗaya burodin ya sha, sannan ki zuba waken ludayi ɗaya da rabi da ƙarin romo. Sai ƙwai. Nasu ruwa-ruwa ne, ana fasa shi cikin romon da ke tafasa a hankali minti 3, farin ya kama gwaiduwar na nan da ruwanta, in an juya sai ta bi romon ta ba shi kauri. Mai ciki da ƙananan yara da wanda ba shi da lafiya a dafa musu nasu ya nuna sosai a yanka a kai. A saman ƙwan ki sa harisa cokali ɗaya, ki barbaɗa kamun, ki zuba man zaitun ba tare da rowa ba, ki matsa lemon tsami, ki sa kifin tuna na gwangwani babban cokali 2, da 'ya'yan zaitun in akwai. Suna kuma sa wasu ƙananan furanni da basu buɗe ba, masu tsami da gishiri, da suke kira kabbar, in baki samu ba ƙarin lemon tsami ya wadatar.

Sai ki ɗauki cokali biyu, ɗaya a kowane hannu, ki yi ta sara kina juyawa har komai ya haɗe ya zama wani abu tsakanin fate da kwaɗo. Ba shi da kyan gani bayan an juya, amma a haka ake cin sa kuma da zafinsa, in ya huce burodin ya daskare ya yi nauyi.

Akwai wanda ake dafa waken tare da ƙafar saniya, suna ce masa hargma, wannan ki fara ɗora ƙafar ita kaɗai awa biyu kafin ki zuba waken, romon zai fito da danƙo, lokacin hunturu ba abin da ya kai shi. A garin Binzart kuma da ke bakin teku a arewa cikin bagat suke ɗura waken da harisa su miƙo miki kamar sanwic.

Ragowar waken da romonsa yana kwana uku a firji, amma kar ki haɗa da burodi sai za a ci.

Karantika

Wannan ta Aljeriya ce, garin Wahran. Sunan daga kalmar Sifaniyanci ta abu mai zafi ya samo asali, don Sifaniyawa sun riƙe garin tun 1509, da ɗan katsewa a tsakani, har zuwa 1792. A babban birnin Aljeriya garantita suke cewa, a arewacin Maroko wajen Tanja kuma kalinti. Masu turawa a amalanke da manyan farantai ne ke sayar da ita a ƙofar makarantu da tashoshi, a yanko miki da wuƙa a shafa cikin burodi a barbaɗa kamun, abincin ɗalibai da 'yan ƙwadago kenan.

In zan kwatanta miki sai in ce 'yar uwar alala ce da aka gasa, sai dai babu albasa babu attarugu a ciki kuma kwaɓinta ruwa ne tsararo. Garin hummus ake so giram 250, ɗanye wanda ba a soya waken ba, a shagon Indiyawa besan ake ce masa. In za ki kai inji da kanki ki tabbatar an share injin, in aka niƙa barkono ko dawa kafin naki duk zai fito a ciki, kuma ki tankaɗe da rariya mai laushi sau biyu.

Ki zuba garin a roba da gishiri ƙaramin cokali ɗaya da rabi da kamun ƙaramin cokali 1. Ki auna ruwa lita 1, ki fara zuba kofi ɗaya ki dama har gudajin su mutu sannan ki ƙara sauran, ki zuba man gyaɗa rabin kofi, ki fasa ƙwai 2 ki kaɗa sosai ko ki sa a blanda minti ɗaya. Wasu basa sa ƙwai sam, wasu kuma suna raba ruwan biyu rabi madara, duk ana yi. Za ki ga kwaɓin kamar madarar waken suya, kar ki tsorata ki ƙara gari, haka ake so. Ki rufe ki bar shi awa ɗaya ko biyu garin ya sha ruwa, wannan hutun ne ke kashe ɗanyen warin wake.

Ki kunna oba ta yi zafi sosai, digiri 220. Ki shafa mai a faranti mai zurfi, ki sake kaɗa kwaɓin don garin ya kwanta a ƙasa, ki juye, kaurinsa a farantin kar ya wuce gaɓar yatsa biyu. Minti 40 zuwa 45. Saman zai yi ja da ɗigon baƙi-baƙi nan da can, in kika girgiza farantin tsakiyar na rawa kaɗan, to ki sauke a haka. Da kanta take rabuwa biyu, ƙasa ya kama ya yi ƙarfi sama kuma laushi kamar kastad, kuma wannan laushin shi ake nema, in kika bar ta ta bushe gaba ɗaya kin rasa abin. Wadda bata da oba ta yi yadda muke gasa kek, babbar tukunya da yashi a ƙasa, a ɗora farantin a rufe da murfin ƙarfe a zuba garwashi a kai, na saman ya fi na ƙasan yawa don fuskar ta yi ja. Ki bar ta minti 10 ta natsu sannan ki yanka, ki tsaga burodi ki shafa harisa ki ɗura ta ciki da zafinta ki barbaɗa kamun da ɗan gishiri.

Makarud

Kayan zaƙinsu suna da yawa, akwai bambaloni da ake soyawa a Sidi Bu Sa'id a barbaɗa suga, akwai zalabiyar Bufarik a Aljeriya da ake layi a kanta da azumi, akwai shabbakiya ta Maroko da ake ci da miyar harira. Na zaɓi makarud ne saboda kayan haɗinsa duk muna da su kuma yana daɗewa bai lalace ba. Gidansa Ƙairawan, tsohon garin nan da Uƙba ɗan Nafi'u ya kafa a shekarar 670, garin malamin da ya rubuta Risala da ake karantawa a zaurukanmu. In kika shiga kasuwar cikin ganuwa za ki gan shi an jera tsibi-tsibi yana ƙyalli. Mai yin alkaki ba za ta sha wahala ba, tsakin alkama ne da mai, a soya a tsoma a zaƙi, sai dai shi ba a barin sa ya yi tsami kuma akwai dabino a cikinsa.

Ki samu samolina giram 500 mai ɗan tsaki-tsaki, ba mai laushi irin ta tuwo ba. Ki sa gishiri kaɗan da kurkur ɗan mitsitsi don launi, ki narka man shanu ko bota ko ki ɗumama man gyaɗa rabin kofi ki zuba, ki yi ta murzawa da tafin hannu har kowace ƙwaya ta sha mai ta zama kamar jiƙaƙƙen yashi. Ki rufe ki bar shi ko awa biyu ne, in ya kwana ma ya fi.

Kafin nan ki yi dabinon, giram 300 bayan an cire ƙwallo. Su da dabino mai laushi suke yi, namu na Agadas da Bilma busasshe ne, don haka ki turara shi a madambaci minti 15 zuwa 20 har ya yi laushi, ki daka da zafinsa da kirfa ƙaramin cokali 1 da mai babban cokali 1, in kina so ki kankare bayan lemon zaƙi kaɗan ki sa. Ki shafa mai a hannu ki mulmula shi dogo-dogo kamar kaurin yatsa.

Ki dafa ruwan zaƙin shi ma tun da wuri: suga kofi 2, ruwa kofi 1, rabin lemon tsami, minti 12 zuwa 15 har ya ɗan yi danƙo a yatsa. In da zuma ki ƙara cokali 3 bayan kin sauke. Suna ɗiga ruwan furen lemo a ciki, in kin samu a shagon Larabawa ki sa cokali ɗaya.

Sai ki koma kan samolinar, ki riƙa yayyafa ruwan ɗumi kaɗan-kaɗan, kusan kashi uku cikin huɗu na kofi, kina tattarawa da yatsu. Kar ki murza kamar kwaɓin burodi, tattarawa kawai za ki yi har ya haɗe ya daina farfashewa, in kika murza zai yi danƙo ya fito da tauri. Ki bar shi minti 20. Ki gutsuro ki mulmula dogo kamar kaurin taɓaryar ƙaramin turmi, ki yi masa kwari a tsakiya da yatsa daga farko har ƙarshe, ki kwantar da dabinon a ciki, ki ja gefe da gefe ki rufe ki liƙe, ki mirgina a hankali har wajen haɗin ya ɓace. Ki danna shi ya yi faɗi, kaurinsa kamar yatsa ɗaya. Su suna da katako mai zane da suke dannawa, ke ki yi zanen da bayan wuƙa ko cokali mai yatsu. Ki yanka a karkace ya fito da kusurwa huɗu masu tsini, tsawon kowanne kamar rabin yatsa zuwa yatsa.

Mai ya yi zafi matsakaici, ki gwada da guda ɗaya tukunna. In ya watse a cikin man to ko mai ya yi yawa a kwaɓin ko ruwa ya yi kaɗan, ki ɗan yayyafa ruwa da cokali ɗaya na fulawa ki sake tattarawa. In ya tsaya sai ki jera sauran ki cika kaskon kusa da kusa, haka suke yi don kada dabinon da ke leƙowa ta gefe ya ƙone, kuma kar ki taɓa su sai ƙasan ya kama, minti 3 zuwa 4 kowane gefe har su yi ja. Ki tsame ki bar man ya ɗiga minti ɗaya, ki tsoma su da zafinsu cikin ruwan zaƙin da ya huce ya zama ɗumi-ɗumi, minti 5, ki kwashe a rariya ki barbaɗa riɗi in kina so. Ki bari su huce gaba ɗaya kafin ki rufe a roba, suna kai sati biyu a wuri mai sanyi, kuma na kwana biyu ya fi na ranar farko laushi don zaƙin ya gama ratsa shi.